Ɗan Gida da Agola a Wurin Aiki

Hanya biyu kamfani ke bi ya girma. Ta farko irin ta itace ce, a dasa shi yana ƙarami, a yi ta ban ruwa, kowace shekara ya ƙara reshe, har ya zama inuwa. Mai kanti ɗaya ya tara riba ya buɗe na biyu, ya ɗauki yara ya koya musu aiki, su kuma su koya wa na bayansu. Wannan hanya tana da jinkiri, amma duk wanda ke cikin gidan ya san ɗan'uwansa, ya kuma san halin maigida. Hanya ta biyu kuwa ita ce kamfani mai ƙarfi ya zuba kuɗi ya sayi wani kamfani ɗungum, da gininsa, da motocinsa, da bashin da ya ke bi da wanda a ke binsa. Bana ya sayi wannan, baɗi ya sayi wancan, kafin shekara goma sai ka ga ya cika ƙasa. A kan wannan hanya ta biyu na ke so mu yi magana. Labarin masu kuɗin jaridu sun ishe mu da shi. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne labarin mutanen da a kan tarar cikin gidan da aka saya, watau akawu, da direba, da masinja, da lebura, da mai gadi.

Bahaushe yana da suna ga yaron da uwarsa ta sake aure ta tafi da shi gidan sabon miji, ya kan ce da shi agola. Ba shi ya zaɓi gidan ba, ba a kuma shawarce shi ba ran ɗaurin aure. Ya tarar 'ya'yan gida sun san inda a ke ajiye kome, sun san lokacin da maigida ke son a yi shiru, shi kuwa kome ya taɓa sai a ce masa ba haka a ke yi a nan ba. Wani agola ya kan dace da maigida mai adalci, ya tashi ba a bambanta shi da 'ya'yan ciki, har wata rana ka ga shi ne ke riƙe da gidan. Wani kuwa kwanonsa dabam, tabarmarsa dabam, har ya girma zuciyarsa tana waje. To, ma'aikacin kamfanin da aka saya agola ne. Abin da na gani da idona kuwa shi ne, cinikin nan da aka zuba miliyoyi a kansa, ribarsa ko hasararsa tana rataye ne ga yadda aka riƙe agolan nan.

Kada mai karatu ya zaci wannan abu baƙo ne a ƙasarmu. A shekarar 1879 wani Bature, George Goldie, ya haɗa kamfanonin Ingilishi da ke ciniki a bakin kogin Kwara suka zama ɗaya. A 1884 suka sayi kamfanonin Faransawa da ke gasa da su, a 1886 kuma Gwamnatin Ingila ta ba su takardar izinin mulki, aka san su da sunan Royal Niger Company, wanda mutanenmu ke kira Kamfanin Neja. Da Gwamnati ta karɓe mulkin a farkon 1900, kamfanin ya ci gaba da cinikinsa, har 1920 da Lever Brothers, masu yin sabulu a Ingila, suka saye shi, gama suna bukatar manja da gyaɗa. A 1929 aka sake haɗa shi da babban abokin gasarsa, African and Eastern Trade Corporation, aka sami United Africa Company, watau UAC, wanda kakanninmu suka sayar wa gyaɗa da fata, suka sayi atamfa da gishiri da kananzir a kantinsa. Amma ga abin lura. Duk da yawan kuɗin kamfanin, Baturen da ke zaune a London bai san manomin Ɓichi ko na Gumel ba, manomin ma bai san shi ba. Tilas sai da suka jingina da mutane irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, waɗanda suka san ƙauyuka, manoma kuma suka amince da su. Kamfani ya sake hannu sau da yawa, amma gyaɗa ta hannun waɗanda aka yarda da su ta ke zuwa.

A zamaninmu bankuna ne suka fi nuna mana wannan al'amari. Ran 6 ga Yuli, 2004, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ce duk bankin da ke son ci gaba da aiki sai jarinsa ya kai naira biliyan 25, maimakon biliyan 2, ya kuma ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar sa'an nan. Da wa'adi ya cika, 25 suka rage, gama waɗansu sun haɗu, waɗansu an saye su, waɗansu kuwa an soke lasisinsu. Bankin Arewa, wanda babban ofishinsa ke Kano, ya shiga cikin bankuna 9 da suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006. Access Bank ya haɗiye Intercontinental a 2012, ya ƙara da Diamond a 2019. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin, har ya ce banki mai rassa a ƙasashen waje sai ya mallaki naira biliyan 500. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da na lissafa, a bayansa akwai dubban magidanta da suka kwana ma'aikatan wani gida, suka tashi ma'aikatan wani.

Ni ba ma'aikacin banki ba ne. Na yi shekara 11 ina riƙe da makullin sito a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a ɗaya daga cikin biranen Arewa, kafin wani babban kamfani daga Ikko, wanda ya riga ya sayi waɗansu irinmu, ya saye mu. Ba mu kai mutum ɗari ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da ya same mu, na kuwa ji daga bakin abokai a wurare dabam dabam cewa nasu labarin bai yi nisa da namu ba.

Abu na farko da ya fara shigowa gidan shi ne jita-jita. Aka ga baƙi masu kwat suna zuwa suna ƙirga buhuna, suna duba littattafan lissafi, suna auna filin ajiye motoci. Muka tambayi manaja, ya ce masu binciken lissafi ne kawai. Wata huɗu muna cikin wannan hali. Wani ya ce za a kori kowa, wani ya ce za a ninka albashi, mai shayin bakin ƙofa ma yana da nasa labari. Rashin sani ya fi dare duhu. A cikin duhun nan ne muka fara hasarar mutane, waɗanda suka fara tafiya kuwa su ne gwanayen aiki, gama gwani ne ke da inda za shi. Makanikin da ya fi kowa sanin injin motocinmu wani kamfani ya ɗauke shi, haka kuma akawu biyu daga cikin samari. Watau tun kafin mai saye ya karɓi makulli, wani sashi na abin da ya biya kuɗi dominsa ya riga ya fita ta ƙofar baya, ba kome ya kore su ba sai shirun da aka yi musu.

Ran da aka tara mu aka faɗa mana, sabon manaja ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, ya ce yanzu duk mun zama iyali ɗaya, ba abin da zai sake. Da ya gama ya ce ko akwai mai tambaya. Kowa ya yi shiru, sai wani dattijo, direban babbar mota, wanda duk mu ke kira Baba, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, mun kuwa gode. Tambayata ɗaya ce. Shekarun da muka yi a gidan nan, sun biyo mu cikin sabon kamfani, ko kuwa sun tsaya a bakin ƙofa?" Manaja ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi takarda, sa'an nan ya ce, "Baba, za a duba." Duk daɗin jawabin nan sai ya bi iska, gama Baba ya taɓo abin da ke cikin zuciyar kowa. Mutumin da ya yi shekara 20 yana aiki, kuɗin sallamarsa da matsayinsa duk a kan shekarun nan a ke lissafa su. In aka ce ya fara daga farko, an ƙwace masa rabin rayuwarsa da alƙalami.

Maganar cewa ba abin da zai sake kuwa, ko wata uku ba ta yi ba. Aka sake allon bakin ƙofa, aka sake rigar aiki, aka ba kowa katin shaida da zai nuna kafin ya shiga gidan da ya shekara goma yana shiga. Aka kawo kwamfuta ta maye gurbin babban littafin sito. Duk waɗannan ba su dame mu ƙwarai ba, gama in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Abin da ya yi mana ciwo ƙananan abubuwa ne da ba a rubuce su ke ba. Da can, ran Jumma'a a kan rufe sito da tsakar rana, a dawo bayan an sauko daga masallaci, Kiristocin cikinmu kuma a kan sallame su da wuri ran jajiberen Kirsimeti. In an yi wa ɗayanmu rasuwa, motar kamfani ce ke kwasarmu zuwa ta'aziyya. In matar lebura ta haihu, kashiya ya kan ba shi wani abu daga albashinsa kafin wata ya ƙare. Ba wanda ya taɓa rubuta waɗannan a takarda, saboda haka masu kwat ɗin nan da suka ƙirga buhuna ba su gan su ba. Da sabon tsari ya zo, mota ba ta fita sai da izini daga Ikko, izinin kuwa ya kan iso bayan an yi sadakar uku.

Wannan shi ne abin da masana ke kira al'adar wurin aiki, watau yadda mutane ke yi da junansu a wuraren da doka ba ta ce kome ba. Kowane gida yana da tasa. Ita ce ke sa ma'aikaci ya tsaya bayan an tashi ya ƙarasa lodi ba don an ce ya tsaya ba, ita ce kuma ke sa ya faɗi gaskiya in ya ga ɓarna. Ba a sa ta cikin lissafin ciniki, amma rabin darajar kamfani a cikinta ya ke.

Babbar tsagar da ta shiga tsakaninmu ita ce ta albashi. Aka aiko da ma'aikata daga uwar kamfani suka zauna tare da mu. Akawu biyu a tebur ɗaya, aiki iri ɗaya, amma na uwar kamfani ya fi namu albashi, yana da kuɗin gida, namu ba shi da shi. Aka ce za a daidaita, aka yi shekara biyu ba a daidaita ba. Suna kiranmu 'yan tsohon kamfani, mu kuma muna kiransu 'yan Ikko, ko da ya ke waɗansunsu 'yan garinmu ne. A wurin cin abinci su gefe guda, mu gefe guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya shiga ta wannan tsaga kuwa shi ne shiru. In ɗayanmu ya kawo shawara sai a ce masa ba haka a ke yi a nan ba, in ya sake kawowa a ce yana ƙin ci gaba. Da mutane suka ga haka, kowa ya kama bakinsa, ya yi abin da aka ce ya yi, ko da ya san ba zai yi kyau ba.

Ga misali biyu. Tsohon akawunmu na ciniki ya san masu kantuna na ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ba ya iya biya sai kaka ta yi, amma in ta yi ba ya rage ko kwabo, ya kuma san wanda bakinsa zuma ne amma bashi a wurinsa ya mutu. Sabon tsari ya ce duk wanda bashinsa ya wuce kwana 30 kwamfuta ta rufe sunansa. Aka kuma sallami akawun, aka ce shekarunsa sun yi yawa. Kafin damina ta fita, amintattun masu kantuna da yawa sun koma wurin abokan gasarmu, gama an kunyata su, mayaudara kuwa suka biya kaɗan aka buɗe musu suna, suka kwashi kaya suka ɓace. Na biyu, aka aiko da takardar hanyoyin da motoci za su riƙa bi, wadda aka tsara a ofis bisa taswira. Baba ya san akwai wata hanya a ciki da rafi ke yanke ta a watan Agusta. Ya faɗa sau ɗaya, wani yaro da bai kai ɗansa ba ya ce masa, "Baba, kai dai ka bi takarda." Ya bi takarda. Mota ta kwana uku a cikin laka da buhunan sukari a bayanta.

Amma fa adalci ya wajaba, kada a ce tsoho yana kukan zamaninsa ne kawai. Tsohon kamfaninmu yana da nasa aibi. Albashi ya kan yi jinkiri in kasuwa ta yi sanyi. Ƙarin girma sau da yawa dangin maigida ke samu. Da yawanmu ba mu da ko takardar ɗaukar aiki, zamanmu duka a kan fatar baki ya ke. Sabon kamfani ya zo da abubuwan da ba mu taɓa samu ba. Albashi ya riƙa shiga ran da aka ce, ba fashi. Aka ba mu katin asibiti da mu da iyalinmu. Aka ba leburori takalman aiki masu ƙarfe a baki, yatsun da buhu da katako ke fasawa suka huta. Ƙarin girma ya koma ta hanyar jarrabawa, har wani masinja, wanda ya koyi karatu da girmansa a ajin yamma kamar yadda ku ka koya, ya ci jarrabawa ya zama akawun sito. A tsohon gida da ya tsufa yana kai saƙo. Saboda haka kowane gida yana da abin da zai koya wa ɗan'uwansa. Kuskuren masu saye shi ne zaton cewa tun da su ne masu kuɗi, su ne kuma masu sani a kan kome.

Gyara ya zo ne a shekara ta uku, sa'ad da aka aiko da wani manaja, mutum mai sanyin hali. Makonsa na farko bai ba da umurni ko ɗaya ba. Ya ɗauki ɗan littafi ya bi mu ɗaya ɗaya, daga mai gadi har kashiya, yana tambaya, "Malam, da can yaya ku ke yin wannan, don me kuma?" Abin da ya ga yana da dalili ya mayar da shi, abin da ya ga son jiki ne kawai ya faɗa mana a fili ba zai dawo ba, muka kuwa karɓa, gama an ji ta bakinmu. Ya matsa wa babban ofis har aka haɗa albashi ya zama ma'auni ɗaya, aka kuma rubuta wa kowa takarda cewa shekarunsa na baya suna cikin lissafi. Ya je har gida ya gai da tsohon akawun nan, ya roƙe shi ya riƙa zuwa kwana biyu a mako yana nuna wa samari masu kantuna. Da tsohuwar zuma a kan yi magani. Ba a sayi sabuwar mota ba, ba a ƙara gini ba, amma kafin shekara ta zagayo ciniki ya farfaɗo, mutane kuma suka koma cin abinci a kwano ɗaya.

Sai dai kamfanin da ke girma ta hanyar saye ba ya rabuwa da agola. Bayan 'yan shekaru aka sayi wani ƙaramin kamfani a wani gari, aka turo mana waɗansu ma'aikatansa. Abin mamaki, sai ga waɗansu daga cikin mutanenmu, waɗanda jiya jiya su ke kukan wulakanci, su ne ke ce wa baƙin nan ba haka a ke yi a nan ba. Baba ya ji wani yana faɗin haka, ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, wannan maganar a bakin wa ka fara jinta, ka tuna yadda ta yi maka a ranka?" Yaron ya sunkuyar da kai. Daga nan na gane cewa riƙon agola ba aikin manaja kaɗai ba ne. Manaja yana iya daidaita albashi, amma wanda zai matsa a kan benci ya ba baƙo wuri, ya nuna masa inda a ke alwala da inda a ke sayen abinci mai araha, abokin aikinsa ne.

Kada kuma a zaci wannan ciwo na ƙananan kamfanoni ne, ko na ƙasarmu kaɗai. A 1998 kamfanin Daimler-Benz na Jamus, masu ƙera Marsandi, ya haɗu da Chrysler na Amurka, a cinikin da ya kai wajen dala biliyan 36. Aka ce aure ne tsakanin tsara da tsara. Ga injiniyoyi, ga kuɗi, ga masana'antu. Amma yadda Jamusawa ke gudanar da aiki dabam, na Amurkawa dabam, albashin manyansu ma ya bambanta ƙwarai, mutanen Chrysler kuma suka ga lalle su ne agola, manyansu da yawa suka bar aiki. A 2007 auren ya mutu, Daimler ya sayar da mafi yawan Chrysler a kan kuɗin da bai kai rubu'in na farko ba.

To, yanzu bari in juyo gare ku, 'yan'uwana ma'aikata, musamman ku da ku ka bar dangwala yatsa ku ka koma sa hannu. Ran da aka sayi kamfaninku, karatun nan da ku ka sha wahala a kansa shi ne garkuwarku, gama a wannan lokaci kome a kan takarda ya ke tafiya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna, ta ce mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Ka nemi taka, ka adana ta tare da takardun albashi da na ƙarin girma, a gida, ba a ofis ba. In hannun jari kawai aka saya, kamfaninka yana nan a idon shari'a, takardarka kuma tana nan da ƙarfinta. In kuwa za a mayar da kai ƙarƙashin wani kamfani dabam, doka ta ce sai da yardarka. Saboda haka in an miƙo maka sabuwar takarda, kada kunya ko tsoro su sa ka sa hannu nan take. Ka roƙi a ba ka kwana ɗaya ko biyu, ka karanta a tsanake, ka nemi wurin da aka ambaci ranar da ka fara aiki. In sabuwar rana aka rubuta, ka yi tambayar Baba, ka kuma nemi amsa a rubuce.

In ya zama za a rage ma'aikata, doka ta ce a sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya, tare da duban gwaninta da riƙon amana, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Wanda ya shekara 5 ko fiye, sai an ba shi sanarwar wata ɗaya, ko a biya shi a madadinta. Game da fensho kuwa, tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa. A kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, a kan cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10. Asusun naka ne, yana binka duk inda ka koma. Amma ka duba shi kafin tsohon maigida ya tafi, ka tabbata abin da aka cire maka ya shiga, gama neman hakki wurin wanda ya riga ya sayar ya tafi aiki ne mai wuya. In magana ta gagara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Abuja, da Kano, da Kaduna, da waɗansu birane.

Bayan takarda sai hali. Ka koyi sabon aiki da zuciya ɗaya, ko kwamfuta ce ko wani tsari, kada ka zama mai cewa kullum da can ya fi. Abin da ka sani kuma kada ka ɓoye shi don fushi, gama in mota ta kwana a laka, shinkafar 'ya'yanka ma tana cikin abin da ya jiƙe. Ka faɗa da ladabi, in ba a ji ba ka rubuta ka miƙa, ka ajiye kwafi.

Ku kuma masu saye, da manajojin da a kan aiko, roƙona gare ku kaɗan ne. Ku faɗa wa mutane gaskiya da wuri, ko da mai ɗaci ce, gama magidanci ya fi son ya san inda ya tsaya ya yi shiri. Kada ku yi alkawarin cewa ba abin da zai sake. Ku daidaita albashi tun kafin mutane su raba benci. Kafin ku rushe wata al'ada, ku tambayi dalilin da ya sa aka kafa ta. Kuɗinku sun saya muku gini da motoci da suna, amma abin da ke cikin kan direba da akawu sai sun ga dama za su ba ku, ba su kuwa bayarwa sai ga wanda ya riƙe su kamar 'ya'yan gida.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci a wuraren aikinmu, ya sa mu ci halaliyarmu cikin mutunci, amin.